Sandar Tuƙin Subira

Faza, farkon kaskazi, iskar arewa

Yaya Famau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya a duk tashar da babban jirginku ya tsaya. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ka, gwiwarsa ta yi sauƙi tun da ruwan sama ya ɗauke. Ƙanwarka, Yaya Somoe, ta sauka lafiya, namiji, kuma sunanka aka sa masa. Duk wanda ya ji ihunsa sai ya ce yaro ya ɗauko mai sunan.

Ka ce a daina ba ka labari mai nauyi ta waya tunda magana tana yankewa a teku, shi ya sa na zauna na rubuto. Labarin Subira ne, jirgin Baba.

Ka san tun bara take kwance a bakin ruwa. Ba mai tura wa Baba gora a mashigin Mkanda, inda itatuwan mikoko suke tare iska ƙyallen filafili ya faɗi, shi kuma ƙarfinsa ya ja baya. To, a wurin aikin sola da nake yi a gidajen baƙi na Shela na samu wani ƙaramin injin lantarki da aka cire daga jirgin wani Bature. Na gyara shi, na kawo gida, na tsoma farfelarsa cikin ganga cike da ruwa, na jona batir don in gwada. Baba yana zaune a tabarma da kofin gahawarsa. Sai ya ce, "Lali, mene ne yake motsa ruwa haka?" Na ce inji ne. Ya ce, "Ƙarya kake, ɗan nema. Yaushe inji ya iya rufe bakinsa?" Sai da ya taso ya ɗora tafin hannunsa a kai ya ji yana rawa kafin ya yarda. Can ya ce in kai wa Subira shi.

Yanzu mun kafa masa katako a bayan jirgi kusa da matuƙi, katakon nan da ke juya ta a ruwa. Batura biyu suna ciki ƙarƙashin wurin zama, mun rage buhunan yashi don kada nauyi ya yi mata yawa. Farantan sola suna kan rumfar ganyen kwakwa. Filafili yana nan ba a taɓa shi ba, Baba ya ce duk wanda ya cire shi bai yafe ba. Injin na Mkanda ne kawai, da ranar da iska ta mutu.

Yaya, da ka ga yadda Baba ya farfaɗo. Kullum tare muke, ya riƙe hannuna mu tafi masallaci, daga nan mu zarce bakin ruwa ya yi ta shafa katakon Subira yana ba ni umarni. Na san za ka yi murna.

Ƙaninka,
Lali

*

Salala, tsakiyar kaskazi

Malam Injiniya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka. Lafiyata ƙalau, sai dai kunnuwan nan da suke yi mini shuu ko na fito daga ɗakin inji, har sai an maimaita mini magana. A gaishe da Somoe da takwarana, Allah Ya raya. In faɗa ya ɗauko, Allah Ya sa kada ya ɗauko rashin sa'ata.

Ka ce ka san zan yi murna. To, na yi. Na yi murna har na kasa cin abinci.

Ko ka manta akwai wani inji a gidan nan? Leƙa ƙarƙashin gadon Baba, yana nan nannaɗe cikin zanen marigayiya Mama. Mai ƙarfin doki goma sha biyar, sabo fil, ba ragowar Bature ba. Tun ina yaro nake tura gora a Mkanda har fatar hannuna ta saɓule, lokacin kai kana makaranta da fararen kaya, na rantse sai na sayo wa Subira inji. Saboda shi na bar gida na shiga cikin cikin wannan ƙarfe inda ba rana ba iska. Na ɗauko shi a kafaɗa na kawo Faza, rabin gari ya fito kallo. Kana cikin jirgin ranar, ka ga abin da ya faru. Muna tsakiyar Mkanda yana gudu kamar zai tashi, Baba ya daka mini tsawa, "Kashe shi! Kashe shi na ce!" Da gora muka ƙarasa. Muna isowa Bwana Kupi mai gahawa ya ce, "Famau, ashe injin Larabawa ma da gora ake tura shi?" Har yau in na tuna dariyar da aka yi a bakin ruwa sai in ji zuciyata tana tafasa. Baba bai taɓa gaya mini laifin injin ba, ya dai ce a cire.

Yau ga naka, wanda ba zai ja akuya ba, an karɓe shi hannu bibbiyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana cewa kishi kumallon mata. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a ƙasan jirgi yana karanta cewa ubansa yana yawo a gari riƙe da hannun wani ba. Ni da ya haifa, ban tuna ranar da Baba ya riƙe hannuna a hanya ba, sai in zai ja ni gida ya zane ni. Ba na ɓoye maka, Lali, abin ya ci mini rai.

Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa ba kwana-kwana. Ina sandar tuƙi? Ka san al'adar gidanmu: nahoda, mai tuƙa jirgin, yakan zare ta daga matuƙi ya tafi da ita gida a hammata, ba mai taɓa ta a hanya sai shi, kuma ranar da aka gan ta a hannun wani, Faza ta san Subira ta sauya mai ita. Kaka ya ba Baba don shi ne babba. Ni ne babba. Ka sa wayoyinka duk inda ka ga dama, amma ka bar hannunka nesa da wannan sanda.

Famau

*

Faza, ƙarshen kaskazi

Yaya Famau,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, Baba lafiya, yana cin wainar shinkafarsa da kifi kamar saurayi. Ya ce in tambaye ka kunnen, ya yi ta maimaita maganar har ta dame ni. Ka je wurin likitan jirginku don Allah.

Takardarka ta yi zafi, na ajiye ta sai da na huce kafin in ɗauki biro. Ban manta injinka ba, kuma ban yi wannan aiki don in shafe naka ba. Akwai abubuwan da ba ni da ikon faɗa. Ka yi mini uzuri a nan.

An saukar da Subira ruwa ranar Alhamis. An yanka akuya, an karanta maulidi, an raba alewar halwa, mata suna guɗa daga kan katanga. Bwana Kupi ya zo da bakinsa kamar kullum. Ya zagaya jirgin ya ce, "Lali, ina injin? Ko wannan abin kaɗa miya ne?" Na ce ya shigo ya gani. Muka fita da filafili, da muka kai bakin Mkanda iska ta faɗi, na murɗa injin. Yaya, shiru. Ba hayaƙi, ba warin fetur, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Baba ya zauna a baya da sanda a hannu, ya karkata kai, ya bi da mu ta tsakanin tudun yashin nan biyu ba tare da ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba. Kupi ya ce, "Tsoho, kai aljani ne?" Baba ya ce, "Rufe bakinka, kai kaɗai ne injin da ya rage a jirgin nan." Na ga hawaye a gemunsa, amma ya ce ruwan gishiri ne.

Ga hoto nan wanda mijin Somoe ya ɗauka muna komawa gida, don ka ga yadda Baba ya yi kyau cikin farar rigarsa.

Sai magana ta ƙarshe, kuma na san ba za ta yi maka daɗi ba. Batura biyu suna kai mu Lamu, amma ba sa dawo da mu in rana ta yi rowa. Ana bukatar ƙarin biyu. Akwai wani masunci a Kizingitini da yake son injinka, kuɗinsa zai isa. Baba ya ce abin Famau ne, ba mai taɓa shi sai da izininsa. Shi ne nake tambaya.

Maganar sanda kuwa, ba abin da ya sauya. Ka yarda da ni.

Lali

*

Berbera, farkon kusi, iskar kudu

Lali,

Na gaishe ka don Musulunci. Takardarka ta iso Salala bayan mun tashi, ta biyo mu nan. Duk tsawon watannin nan ina ƙasa ina saƙa da warwara, ina ce wa kaina ƙila na zalunci yaron nan. Sai na buɗe ambulan na ga hoto.

Gani ya kori ji. Ga ka nan a gaba, a tsakiyar hanyar masallaci, da rana tsaka, sandar tuƙin Subira a hannunka. Ga Baba a bayanka yana biye da kai, ya ɗan taɓa ƙarshenta kamar mai roƙon arziki. Kuma ka iya rubuta mini cewa ba abin da ya sauya! Sannan a takarda ɗaya ka nemi in sayar da gumina in saya wa abin wasanka batir. Wallahi ka cika marar kunya.

Injina ba na sayarwa ba ne. Gara ya yi tsatsa a ƙarƙashin gado.

Ɗaya takardar da ke ciki ta Baba ce. Na liƙe ta. Ka miƙa masa a hannu, ka fita ka ba shi wuri.

Famau

*

Zuwa ga Baba, shi kaɗai

Baba,

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi. Ina roƙonka ka karanta wannan da idonka, kada ka bari wani ya karanta maka, don ba na son maganata ta bi ta bakin wanda nake ƙara.

Baba, me na yi maka? Na kawo maka inji ka kunyata ni a gaban gari, na koma bakin aikina. Na ce ƙila tsoho ne ba ya son sabon abu. Ashe ba sabon abu kake ƙi ba, hannun da ya kawo shi kake ƙi.

Lali ɗan ƙaninka ne, maraya, na sani. Mun ci a kwano ɗaya, na goya shi, na yi dambe saboda shi a bakin ruwa. Amma riƙo aka ba ka shi, ba gado ba. Ya jira sai da na ba da baya, ya lallaɓo da zaƙin bakinsa da wayoyinsa ya zauna a wurina. Ya san ina nesa, ya san kai mai tausayi ne. Wannan cin amana ne, kuma kai ka buɗe masa ƙofa.

Shekarun nan ko layi ɗaya ba ka rubuto mini da hannunka ba, kai da kake rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa. Kullum sai dai "Baba ya ce", "Baba yana gaishe ka". Na aiko maka hotona cikin kayan aiki, Somoe ta ce ka juya shi a hannu kawai ka ajiye.

In ka ba shi sanda, ka gaya mini da kanka, in san ba ni da abin komawa Faza. Akwai aiki a Maskat, zan zauna can. Ka yafe mini in na ɗaga murya, zuciyata ce ta cika.

Ɗanka na fari,
Famau

*

Faza, cikin kusi

Famau,

Ni ne ubanka nake magana, Lali yake rubutawa. Lafiyata lau. Takwaranka ya fara rarrafe. Yaya kunnen?

Takardarka ta zo. Lali ya miƙo mini ita a liƙe, ya fita kamar yadda ka ce. Na zauna da ita a hannu har aka kira la'asar. Sannan na kira shi na ce ya buɗe ya karanta mini, don ba ni da wani idon sai nasa. Ya karanta. Da ya kai wurin cin amana ya dakata, na ce ya maimaita, ya maimaita.

(Yaya, ni ne. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Baba ya ce in rubuta wannan ma.)

Na makance, Famau. Likita a Mombasa ya ce jijiyar ce ta mutu, ba ta da gyara. Ni na sa Lali da Somoe suka rantse ba za su gaya maka ba, don na san halinka, za ka watsar da aiki ka taho ka zauna kana kallona kana huci. Faza duk ta sani. Sun yi mini kara ne, suna yi kamar ba su lura ba, har Kupi mai bakin nan bai taɓa furtawa ba.

Ranar da ka kawo injinka, hazo nake gani, ban gaya wa kowa ba. Amma ban damu ba, don ni dama da kunne nake bin Mkanda. Ruwa a kan yashi kukansa daban, a kan dutse daban, kusa da mikoko yakan dawo maka da sautinsa. Kakanka haka ya koya mini, ni ma haka na fara koya maka kafin ka tafi. Da ka tayar da injin nan, sai duniya ta ɓace mini gaba ɗaya. Ina zaune da sanda a hannu, da ku a cikin jirgi, ban san inda nake ba. Tun da nake ban taɓa jin tsoro a kan ruwa irin na ranar ba. Shi ne na yi maka tsawa. Injinka ba shi da laifi, yana da ƙarfi, ƙarfinsa ne ya toshe mini hanya. Duk Juma'a nakan jawo shi in goge shi da mai, ka tambayi Somoe.

Na Lali ba ya magana, shi ya sa muka shirya.

Lali ya karanta mini tasa takardar ma, inda ka ce gani ya kori ji. To, kai mai gani, sake duba hoton. Kai ɗaya na sandar yana hannun Lali, ɗayan yana hannuna. Jagora yake yi mini, shashasha. Na gwammace in bi gari da sandar jirgina da a gan ni da sandar makafi. Shi kuwa Lali, in ka ba shi tuƙi, Somaliya zai kai mu.

(Wannan sharri ne, amma akwai gaskiya a ciki.)

Sanda tana hannuna, ban mutu ba tukuna. Ranar da na sake ta, hannunka za ta faɗa. Amma kurma ba zai bi da Subira ta Mkanda ba. Tun da aka karanta mini cewa kunnenka yana shuu ban ƙara samun natsuwa ba. Ido na rasa, na san yadda abin yake zuwa a hankali mutum yana cewa gobe zai wuce. Ka fito daga ramin nan tun da sauran abin da za ka ji ruwa da shi.

Abin da ka faɗa a kaina na yafe. Abin da ka faɗa a kan ƙaninka, tsakaninku ne.

Ubanka,
Shebwana

*

Jidda, ƙarshen kusi

Lali, ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Na je wurin likita, ya ce kunnen hagu ya tafi rabi, na dama da sauransa in na bar ɗakin inji. Na gaya wa shugaban jirgi ba zan sabunta aiki ba. Kaskazi mai zuwa a Faza za ta same ni, in Allah Ya yarda.

Na sake duba hoton. Fuskar Baba ba ta kallon hanya, ya karkata kai gefen teku. Watanni ina kallon hoton nan safe da yamma, hannunka kawai nake gani.

Na sa ka tsaya a gaban Baba ka zagi kanka da bakinka, har sau biyu. Ban san kalmar da ake rubutawa a wanke wannan ba. Ka yafe mini. In ba za ka iya yanzu ba, ka bari sai na zo ka faɗa mini naka a fuska, ta kunnen dama.

A kira mutumin Kizingitini ya ɗauki injin. Zanen Mama kawai za ku cire ku ajiye mini. Ka sayi batura masu kyau, ka sa su daidai ƙarƙashin inda Baba yake ɗora ƙafa.

Amma kada ka ɗauka na warke. Kishin yana nan, wuri kawai ya sauya. Da ina jin haushin an ba ka jirgi, yanzu na san abin da aka ba ka ya fi jirgi. Kai ka san yadda yake lalube a bakin matakala, kai kake ce masa ga rami, kai ka ga hawayensa a Mkanda. Ni ina nan ina goge ƙarfe. Wannan ba wanda zai biya ni shi.

Ka gaishe da Baba, ka ce kunne ɗaya da rabi yana tafe. Ka ci gaba da riƙe masa sandar da kyau, kada ka yi sauri da shi a hanyar masallaci. Amma ranar da na sauka a bakin ruwa, kan gaba na sandar nan nawa ne. Ka koma kan wayoyinka.

Yayanka,
Famau